Fadar Westminster: Tarihin Ginin Majalisar Dokokin Birtaniya

Fadar Westminster ita ce mazaunin Majalisar Dokokin Birtaniya. Tana bakin kogin Thames a tsakiyar birnin Landan, kuma a cikinta ne majalisun ƙasar guda biyu suke zama: Majalisar Wakilai, wadda jama'a ke zaɓar 'ya'yanta, da Majalisar Dattawa, wadda ba a shigarta ta hanyar zaɓen jama'a. Ginin ya mamaye fili mai girman eka 8, yana da ɗakuna sama da 1,100, da matakala wajen 100, da lunguna waɗanda in an haɗa tsawonsu za su tasam ma kilomita 5. Ana ce masa fada domin asalinsa gidan sarki ne, kuma har gobe mallakar gidan sarauta ne, ko da yake an haura shekara 500 rabon da wani sarki ya zauna a cikinsa. Wanda ya hango shi daga kan gada zai ɗauka duk tsohon gini ne na shekaru aru-aru. Mafi yawan abin da ido ke gani an gina shi ne a ƙarni na 19, sai dai an ɗora shi a kan tsari da al'adun da suka girme shi nesa ba kusa ba.

Wurin da fadar take, a da tsibiri ne mai fadama da ƙayoyi da ake kira Thorney. Sarki Edward, wanda ya hau karaga a 1042, shi ne ya sake gina majami'ar da ke wurin, wadda ake kira Westminster Abbey, ya kuma kafa gidansa a tsakaninta da kogi. Ya rasu a farkon 1066, shekarar da Normawa suka ƙetaro daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Sababbin sarakunan ba su yi watsi da wurin ba. Sarki William na Biyu ya gina wani makeken zaure tsakanin 1097 da 1099, mai tsawon mita 73 da faɗin kimanin mita 20, wanda a zamaninsa babu kamarsa a Ingila. Wannan zaure, Zauren Westminster, yana nan tsaye, kuma shi ne sashe mafi tsufa a fadar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masana gini a zauren shi ne rufinsa. A 1393 Sarki Richard na Biyu ya sa aka soma sabunta shi, inda Henry Yevele ya jagoranci aikin dutse, Hugh Herland kuma ya jagoranci kafintoci. Matsalarsu ita ce yadda za a rufe faɗin mita 20 ba tare da an kafa ginshiƙi ko ɗaya a tsakar zaure ba, alhali ba a samun gungumen da zai gitta daga bango zuwa bango. Sai Herland ya fito da gajerun gumagumai a kwance daga saman kowane bango, ya tokare su daga ƙasa da lanƙwasassun katakai, ya dasa wasu a tsaye a kan bakinsu, sannan ya ratsa su duka da babban baka guda wanda ya tashi daga wannan bango ya sauka a wancan. Dabarar ta yi kama da ta maginan ƙasar Hausa masu turo azara hawa-hawa daga bango har su haɗa bakan gizo a tsakiyar soro, sai dai nan katako ne zalla, ba laka. An sassaƙa katakan a kusa da garin Farnham, aka jawo su a keken shanu da dawakai zuwa bakin kogi, aka ƙarasa da su ta jirgin ruwa. Nauyin rufin ya haura tan 600, kuma a bakin kowane gungumen da ya turo an sassaƙa siffar mala'ika riƙe da garkuwa mai tambarin sarauta. Richard bai mori aikin ba, domin a 1399 aka tuɓe shi, kuma a cikin wannan zaure aka yi shelar tuɓewar.

Zauren ya daɗe yana zaman cibiyar shari'ar ƙasa. Manyan kotunan Ingila a cikinsa suka yi ta zama har 1882, lokacin da aka buɗe musu gininsu na kansu. A nan aka yi wa William Wallace, jagoran 'yan Sukotland, shari'a a 1305, da Thomas More a 1535, da Sarki Charles na Ɗaya a 1649, da kuma Warren Hastings, tsohon gwamnan Ingila a Indiya, wanda shari'arsa ta ja tun daga 1788 har 1795.

Ita kuwa majalisa, ta tsiro ne daga taron da sarki kan kira na manyan ƙasa da shugabannin coci, galibi idan yana neman haraji don yaƙi. A 1265 Simon de Montfort, wanda ya yi wa sarki tawaye, ya kira taron da aka gayyato wakilan gundumomi da na birane, kuma a 1295 Sarki Edward na Ɗaya ya yi irin haka da kansa. Cikin ƙarni na 14 wakilan suka soma zama daban da manya. Amma ba su da ɗaki nasu. Wani lokaci a ba su aron ɗaki a fada, wani lokaci su tsallaka majami'a su zauna a ɗakin taron limamai ko ɗakin cin abincinsu. A 1512 gobara ta cinye sashen da sarki ke kwana, Sarki Henry na Takwas ya tashi, daga baya ya kafa zama a Fadar Whitehall. Tun daga nan fadar ta zama ta majalisa da kotuna.

A wajen 1547 ne aka ba wakilai ɗakin ibadar fada, mai sunan Waliyyi Stephen, ya zama mazauninsu na dindindin. Wannan kyauta ta bar tasirin da ba wanda ya zata. Ɗakin dogo ne, kuma kujerun mawaƙan coci suna jere a gefe biyu suna fuskantar juna, sai wakilai suka zauna a kansu yadda suka same su, aka ɗora kujerar Kakaki a kan matakalar da bagade yake. Da jam'iyyu suka kunno kai, sai ya zama masu gwamnati suna dama da Kakaki, 'yan adawa suna hagu, ido cikin ido. Ɗakin ya yi wa wakilai kaɗan tun ba a je ko'ina ba. Christopher Wren ya gyara shi a 1692, aka ƙara benaye bayan haɗewa da Sukotland a 1707, aka rage kaurin bango don shigar da wakilan Ailan a farkon ƙarni na 19, amma siffar fuska da fuska ba ta canza ba.

Abubuwa biyu na ƙarni na 17 sun bar al'adun da ake yi har yau. A watan Nuwamba na 1605 aka kama Guy Fawkes a wani ɗaki da ke ƙarƙashin Majalisar Dattawa yana gadin gangunan albarushi 36, da nufin tarwatsa sarki da majalisa ranar buɗe zama. Shi ya sa har yanzu dogaran sarki suke zagaya ɗakunan ƙasa da fitilu kafin bikin buɗe majalisa. A ranar 4 ga Janairu 1642 kuma Sarki Charles na Ɗaya ya shiga zauren wakilai da kansa don kama mutum biyar, ya tarar sun sulale, Kakaki William Lenthall kuma ya ƙi faɗa masa inda suke. Tun daga ranar babu sarkin da ya sake taka zauren yayin da wakilai ke zama. A bikin buɗe majalisa, idan sarki ya aiko manzo mai riƙe da baƙar sanda ya kira wakilai, sai a rufe masa ƙofa da ƙarfi, sai ya ƙwanƙwasa sau uku kafin a buɗe.

Zuwa farkon ƙarni na 19 fadar ta zama tarin tsofaffin gine-gine da aka yi ta liƙa wa juna, da katako ko'ina. Tun a 1789 wasu fitattun masana gini suka yi gargaɗin cewa gobara na iya tashi, ba a yi wani abin kirki ba. Abin da ya kunna wutar kuwa kayan lissafi ne. Ɗaruruwan shekaru Baitulmalin Ingila yana amfani da sanduna a matsayin rasiɗi: a sami sanda a yi mata tsaga-tsaga gwargwadon kuɗin da aka biya, babbar tsaga ga babban adadi, ƙarama ga ƙarami, sannan a raba sandar biyu a tsaye, mai biya ya tafi da rabi, Baitulmali ya riƙe rabi. Ranar bincike sai a haɗa su, in tsagogin sun dace, magana ta ƙare. An daina wannan a 1826, aka bar tulin sandunan a ajiye. Ranar 16 ga Oktoba 1834 aka sa lebura biyu su ƙone cikin amalanke biyu na sandunan a murhunan ɗumama ɗaki da ke ƙarƙashin Majalisar Dattawa. Tun safe suke cusawa, bututun hayaƙi da ke bi ta ƙarƙashin daɓe ya yi zafi fiye da kima, baƙi masu zagaya zauren da rana suka koka da hayaƙi da zafin ƙasa, amma aka kulle ƙofa aka tashi. Da magariba wuta ta fasa. Dubban mutane suka cika gada da gaɓar kogi suna kallo, cikinsu har da mai zane J. M. W. Turner, wanda ya zana gobarar daga baya. Da masu kashe wuta suka ga majalisun biyu sun tafi, sai suka tattara ƙarfinsu a kan Zauren Westminster, suka kuwa tsirar da shi. Sauran abin da ya tsira kaɗan ne: ɗakin ibada na ƙarƙashin ƙasa, da wasu barandu, da wata ƙaramar hasumiya ta ƙarni na 14.

Sarki William na Huɗu ya yi wa majalisa tayin Fadar Buckingham, aka ƙi. An zaɓi a sake gini a inda fadar take, aka sa gasa a 1835 da sharaɗin cewa zane ya kasance a salon Gotik ko na zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Wannan sharaɗi na siyasa ne. Salon ginshiƙai irin na Girka da Rum, wanda ake yayi a lokacin, ya riga ya zama na Amurka mai jamhuriya da Faransa mai juyin juya hali, su kuwa masu mulkin Birtaniya suna son ginin da zai nuna cewa majalisarsu tsohuwa ce, gadonta daga kakanni. An shigar da zane 97, na Charles Barry, mai lamba 64, ya yi nasara a 1836.

Barry gwani ne wajen tsara fili da rarraba ɗakuna, amma ba a salon Gotik ya fi ƙwarewa ba, don haka ya jawo wani matashi, Augustus Pugin, wanda ya san wannan salo ciki da bai. Barry ya shimfiɗa ginin a kan layi guda miƙaƙƙe daga kudu zuwa arewa: ƙofar sarki, ɗakin da yake sa kayan sarauta, doguwar baranda, zauren dattawa, babban zauren tsakiya mai kusurwa takwas, sannan zauren wakilai. In an buɗe ƙofofin duka, karagar sarki da kujerar Kakaki suna duban juna daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Pugin kuma ya ɗauki ado: karaga, tagogi masu launi, tayil ɗin daɓe, takardar bango, kujeru, mariƙin ƙofa, har kwalaben tawada. A zauren dattawa aka zuba ja da ruwan zinari, aka ajiye wa shugaban zama wata babbar kujera marar hannu da aka cusa wa gashin tumaki, don tunawa da cinikin ulu da ya azurta Ingila a da. Zauren wakilai kuwa kore ne, adonsa kaɗan. Bayan mutuwar mutanen biyu 'ya'yansu sun yi ta jayayya a rubuce kan wane ne ainihin mai ginin. Gaskiyar magana ita ce tsarin na Barry ne, kwalliyar ta Pugin, kuma da ɗaya ya rasa ɗan'uwansa da ba a sami wannan gini ba.

An ƙiyasta aikin zai ci shekara 6 da fam dubu 725. Ya ci sama da shekara 30 da fiye da fam miliyan 2. An fara da datse kogi a 1837, aka ci wani yanki na gaɓa don shimfiɗa fuskar ginin mai tsawon sama da mita 260, sannan matar Barry ta aza harsashi ranar 27 ga Afrilu 1840. Barry ya sha fama da kwamitocin majalisa, da kuma David Boswell Reid, wanda aka ɗora wa aikin iska da ɗumi. Saboda tsarin Reid ne aka ƙara hasumiyar tsakiya mai tsawon mita 91 don zuƙe gurɓatacciyar iska, aka kuma ratsa bangaye da ramukan iska bila adadin. Dattawa sun shiga zaurensu a 1847, wakilai a 1852. A wannan shekarar Pugin ya rasu yana da shekara 40, bayan ciwon taɓin hankali. Barry ya bi shi a 1860, ɗansa Edward ya ƙarasa aikin wajen 1870. Dutsen da aka zaɓa daga Anston a yankin Yorkshire bai jure hayaƙin kwal na Landan ba, ya soma marmashewa tun ana kan gini, har ta kai daga shekarun 1930 aka yi ta maye gurbinsa da dutsen Clipsham.

A kusurwar kudu akwai Hasumiyar Victoria, mai tsawon mita 98, wadda aka gina don ajiyar takardu saboda darasin gobara, kuma a cikinta aka daɗe ana adana ainihin dokokin majalisa tun na 1497. Amma wadda duniya ta sani ita ce hasumiyar agogo ta arewa, mai mita 96, wadda aka sa wa sunan Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 2012. Edmund Beckett Denison ne ya tsara injin agogon, kamfanin Dent ya ƙera, ya soma aiki ranar 31 ga Mayu 1859. Kowace fuska daga cikin huɗun tana da faɗin kusan mita 7. Masu kula da shi suna daidaita tafiyarsa da tsofaffin kwabbai: in an ɗora kwabo ɗaya a kan ƙarfen da ke lilo, agogon zai ƙara sauri da kashi biyu cikin biyar na daƙiƙa a yini. Big Ben sunan babbar ƙararrawar ne. Ta farko ta tsage wajen gwaji a 1857, aka narkar da ita aka sake zubawa a Whitechapel a 1858, mai nauyin sama da tan 13. Ita ma ta tsage a 1859, amma maimakon a sauke ta sai aka ɗan juya ta, aka sa mata guduma marar nauyi sosai. Da wannan tsaga take bugawa har yau, kuma tun daren shiga 1924 gidan rediyon BBC yake watsa amonta.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo wata babbar gobarar. A daren 10 ga Mayu 1941 jiragen Jamus suka zubo bama-bamai, wuta ta kama zauren wakilai da rufin Zauren Westminster lokaci guda. Ba yadda za a ceci duka biyun, sai aka sake zaɓar tsohon zaure, na wakilai ya ƙone ƙurmus. Wakilai suka koma zauren dattawa, dattawa suka matsa zuwa ɗakin shiryawar sarki. A Oktoba 1943 Firayim Minista Winston Churchill ya kawo batun sake gini gaban majalisa. Wasu sun so a yi zaure mai siffar rabin da'ira, kowa da kujerarsa da teburinsa, kamar na sauran ƙasashe. Churchill ya dage a kan tsohuwar siffa da kuma ƙarancin wuri, da hujjar cewa zaman fuska da fuska shi ne ke riƙe da tsarin gwamnati da adawa, kuma ƙaramin ɗaki ba ya zama kufai a ranakun da mutane ba su da yawa, a manyan ranaku kuma cunkoso yana nuna nauyin lamari. Ra'ayinsa ya rinjaya. Giles Gilbert Scott ya zana sabon zauren, aka buɗe shi ranar 26 ga Oktoba 1950, da wurin zaman mutum 427 kacal, alhali wakilai a yau 650 ne. Bakin ƙofar shiga an sake haɗa shi da duwatsun da wuta ta babbake, ana kiransa da sunan Churchill.

Ƙasashen da ke ƙarƙashin Birtaniya da na ƙawancenta ne suka ba da kayan sabon zauren. Kujerar Kakaki daga Ostareliya ta zo, babban teburi daga Kanada, akwatuna biyun da shugabanni ke dafawa in suna jawabi daga New Zealand, ƙofofi daga Indiya da Pakistan. Nijeriya ta ba da kayan katakon iroko na barandar da masu cewa "e" suke bi a ƙidaya su lokacin kaɗa ƙuri'a. Shekara goma bayan haka, a cikin wannan gini aka zartar da dokar 'yancin kan Nijeriya ta 1960, kamar yadda aka zartar da ta Ghana a 1957. Nijeriya ta bar tsarin firayim minista, ta rungumi na shugaban ƙasa a 1979, amma jan zauren dattawa da koren zauren wakilai da sandar majalisa da ake gani a Abuja duk gadon Westminster ne.

A 1965 aka miƙa ragamar kula da mafi yawan fadar ga majalisun biyu, aka bar wa gidan sarauta 'yan ɗakunan biki. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Zauren Westminster ya zama wurin manyan taruka: Nelson Mandela ya yi jawabi a cikinsa a 1996, Barack Obama a 2011, kuma a nan aka ajiye gawar Churchill a 1965 da ta Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 2022 don jama'a su yi bankwana.

Babbar barazana ga ginin a yau daga cikinsa take. Bututun ruwa da na tururi da wayoyin lantarki, waɗanda da yawansu tun bayan yaƙi suke, sun cakuɗe a ɗakunan ƙasa, sinadarin asbestos mai cutar huhu yana ko'ina, ramukan iskar da Reid ya bari kuma hanya ce da wuta za ta bi ta game ginin cikin ɗan lokaci. Saboda haka ma'aikatan kashe gobara suke sintiri dare da rana. An gyara hasumiyar agogo tsakanin 2017 da 2022 a kan kimanin fam miliyan 80, fiye da ninkin abin da aka ƙiyasta. A Janairu 2018 wakilai suka kaɗa ƙuri'ar amincewa su fice gaba ɗaya a yi gyara, aka kafa doka a 2019. Da ƙiyasin 2022 ya fito, wanda ya nuna fam biliyan 7 zuwa 13 in an fice, ko har biliyan 22 da shekara 76 in an zauna ana aiki, sai aka rushe hukumar da ke jagorantar shirin aka koma teburin shawara. Hukunci yana hannun waɗanda suke zaune a ginin, kuma kowace shekarar da suka jinkirta tana ƙara kuɗin aikin da haɗarin gobara.